Kwanakin da Maigida Ya Koma Shago

Litinin, da safe

Yau ma kofi biyu na zuba shayi. Sai da na ajiye na biyun a gefensa na teburi sannan na tuna. Na bar shi ya huce, daga baya na shanye don kada a yi ɓarna.

Ban saba da irin wannan rubutu ba. Fadan cocinmu ne ya ce in gwada, da na gaya masa in na durƙusa zan yi addu'a bakina nauyi yake yi. Ya ce in rubuta, Allah ya iya karatu. To, ga shi na fara.

Maigida yana shago tun washegarin jana'izar Dogo. Ba faɗa muka yi ba. Ya ɗauki bargo da riguna biyu, ya ce zai ɗan kwana can saboda aiki ya taru. Da hannu ɗaya a naɗe da bandeji, wane aiki? Shagonsa na kafinta yana bayan tashar mota, tafiyar da ko tsohuwa ba za ta gaji ba, amma ji nake kamar ya ƙetare teku.

Dogo amininsa ne tun suna yara, shi ya tsaya masa shaida ranar aurenmu. Suna mota ɗaya ranar, sun ɗauko katako, maigida ne ke tuƙi. 'Yan sanda sun ce ba shi da laifi. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan rana.

Talata, da rana

Na kai masa abinci. Shagon yana nan yadda na san shi, ƙanshin ɗanyen katako, zartuna a rataye jikin bango bisa tsawonsu, gwangwanayen madara cike da ƙusoshi. Akwai kujerun makaranta da ba a sa musu baya ba, da wani gado da aka ba shi aiki tun kafin abin ya faru. Ya ɗora wata sabuwar ƙofa a kan benci biyu, a kanta yake kwana.

Ya ce mini sannu da zuwa, irin sannun da yake yi wa mai neman a gyara masa kujera. Na tambayi hannu, ya ce da sauƙi. Na tambayi barci, ya ce da sauƙi. Na ce famfon bayan gida ya fara ɗiga, ya ce zai turo mai gyara. Mutumin da ko ƙusa aka buga a gidan nan ba da hannunsa ba sai ya kwana yana mita.

Bai dube ni ba. Gemunsa ya fito, akwai furfura a ciki da ban san da ita ba.

Laraba, da yamma

Na ɗauko kwanon jiya. Ya ci rabi. Rabin ma na gode.

Alhamis, da rana

Tun da abin nan ya faru ban taɓa samun masu kawo ɗinki irin na makon nan ba. Wadda rabonta da ƙofata tun bara, yau ta tuna zaninta yana son kalmasa. Su zauna a kan benci, ido yana yawo cikin ɗaki, a tambayi gajiya, a tambayi yara, sannan a sauke murya a ce ina maigidan. Nakan ce yana shago. Ba ƙarya na yi ba.

Wata ta ce in yi haƙuri, maza haka suke. Na cika bakina da allurai don kada in amsa.

Na yanka hannayen rigar mutane, duka biyun na hagu. Shekara da shekaru ina kan keken ɗinkin nan ban taɓa yin haka ba. Da yana nan da ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce a nemo mai hannun hagu biyu a sayar masa.

Asabar, da yamma

Yau ranar ajin masu shirin aure ce a coci. Ni da shi muke koyar da shi tun zamanin Fadan da ya gabata. Na so in ce ba ni da lafiya, amma yaran sun zo, wasu daga nesa. Na tsaya ni kaɗai a gaban allo, kujerarsa tana gefe ba kowa.

Kuma darasin yau shi ne na farkon halitta. Kullum shi yake buɗewa da barkwancinsa, ya ce namiji barci yake yi lokacin da aka yi mace, shi ya sa har yau bai gane kanta ba. Ni kuma in ce shi ya sa har yau in aiki ya taso sai a same shi yana barci. Yaran su yi dariya, kunya ta sake su, sannan mu shiga magana. Yau na faɗi rabina na barkwancin ba tare da nasa ba. Ba wanda ya gane, suka yi ta kallona.

Na gaya musu abin da muka saba gaya musu. Allah ya yi haske, ya yi ruwa, ya yi itatuwa da dabbobi, kowanne ya duba ya ga ya yi kyau. Abu na farko da ya duba ya ga bai yi ba shi ne zaman mutum shi kaɗai. Ga lambu, ga abinci, ga aiki, babu ciwo, babu zunubi tukuna, ga Allah kansa yana magana da shi, duk da haka akwai abin da ya rage. Na ce musu aure ba dabarar mutane ba ce don a sami mai dafa abinci ko mai biyan haya. Allah ne ya ga kaɗaicin tun mutumin bai san sunansa ba, ya kuma yi masa magani da hannunsa.

Wata yarinya mai aikin jinya, wadda za ta auri wani direba, ta ɗaga hannu.

"Mama, to in shi mijin ne da kansa ya ce a bar shi shi kaɗai fa?"

Ban sani ba ko ta ji labari ne, ko tambaya ce kawai. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Na ce mata mu bar wannan sai mako mai zuwa.

Lahadi, bayan addu'ar Mas

Na ajiye jakata a wurinsa a kan benci don kada wani ya zauna. Da aka zo gaisuwar salama na juya dama kamar kullum, na miƙa wa jaka hannu.

Uwar Biyu, matar Dogo, tana can gaba da tagwayenta. Ƙawata ce ta kusa, ni na riƙe ta ranar da ta haife su. Tun ranar jana'iza ban taka gidanta ba. Da aka tashi na bi ta ƙofar gefe.

Ina tsammanin na hango maigida lokacin wa'azi, a waje, jikin bishiyar da ke bakin shinge. Da na fito ba kowa. Wataƙila idona ne yake ba ni abin da nake so.

Litinin, da safe

Kofi ɗaya na zuba yau. Ban ji daɗin da na iya ba.

Talata, da yamma

Auta ta kira daga makaranta. Ta ce in rufe gidan in je wurin yayarta in huta, tunda Baba ya zaɓi zama da katako. Na ce ta iya bakinta, ubanta ne. Sai na ji tana kuka. Ta ce ta kira shi ya fi a ƙirga bai ɗauka ba. Na ce mata wayar ta lalace ranar. Gaskiya ne ta lalace. Ban gaya mata an kai masa wata ba.

Surukata ma ta zo da sandarta, ta sa ƙanin maigida ya kai ta shagon. Ta dawo tana haki. Ta ce ta yi masa faɗa, ta yi lallashi, har ta ce in bai koma gida ba kada ya zo kan kabarinta. Ya durƙusa ya saurare ta har ta gama, ya ce to Iya, ya raka ta bakin titi, ya koma ciki. Ta riƙe hannuna ta ce, 'yata, ni na haife shi amma ke aka ba. Ban san abin da zan yi da wannan magana ba.

Alhamis, da safe

Abin da nake kewa ba manyan abubuwa ba ne. Tarin da yake yi a bakin ƙofa kafin ya shigo. Yadda yake karkaɗe wandonsa a waje amma duk da haka garin katako ya biyo shi har kan gado, in yi ta faɗa. Yadda in muna jan carbin rosari da yamma yake riga ni kai ƙarshen kowace addu'a, sai ya jira ni. Jiya na kakkaɓe zanin gado, ba ko ƙwayar garin katako. Na zauna a bakin gadon na daɗe.

Juma'a, da rana

Na je wurin Fada. Na same shi a bayan ɗakinsa yana ba kajinsa hatsi. Ya ce ya je shagon sau biyu, kuma ba zai gaya mini abin da suka tattauna ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ce masa na gaji da zama mataimakiyar da ba a son taimakonta. Na kai abinci, na kai wanki, na kai magani, me ya rage? Ya watsa sauran hatsin, ya karkaɗe hannu. Ya ce kalmar nan da aka kira mace da ita a farkon halitta, a harshen asali ita ce ake kiran Allah da ita a wurare da yawa, lokacin da mutanensa suka shiga ukun da ba za su iya fid da kansu ba. Ya ce ba sunan mai wanke kwano ba ne. Sunan wanda yake zuwa ne idan ƙarfin mutum ya ƙare.

Na ce to ni ba Allah ba ce, Fada. Ya ce ya sani, Mama, shi ya sa ranar aurenku ba ku biyu kaɗai kuka yi alkawarin ba.

Na dawo gida ban san ko ta'aziyya ya yi mini ko kaya ya ƙara mini ba.

Asabar, da yamma

Na aika a ce wa yaran babu aji yau. Ba ni da amsar yarinyar nan.

Lahadi, da rana

Yau fushi nake yi, kuma zan rubuta shi, wanda zai karanta ya riga ya sani.

Shekaru nawa yana tsayawa gaban 'ya'yan mutane yana ce musu miji da mata jiki ɗaya ne? Har yakan haɗa katako biyu ya nuna musu, ya ce in an haɗa da kyau ba a raba su sai an fasa duka biyun. To in jiki ɗaya ne, wa ya ba shi izinin ɗaukar rabin jikina ya kai bayan tasha ya shimfiɗa a kan ƙofa? Wa ya tambaye ni? Shi kaɗai ya yi rashin Dogo? Ni ma na san shi, ni ma ya ci abinci a kwanona. Da ya dawo gida mu yi kukan tare, ko ya yi shirun a nan, ina jin numfashinsa.

A asibiti, kafin a gaya mini wanne ne a cikinsu ya rasu, na roƙi Allah abu ɗaya. An ba ni. Ban san haka za a ba ni shi ba.

Litinin, da yamma

Ya ci duka yau. Ko kuma ya ba wani.

Laraba, da rana

Uwar Biyu ta zo.

Ina kan keke na ji sallamarta, ƙafata ta tsaya da kanta. Ta shigo da riguna uku a leda, ta ce duk sun yi mata yawa, a rage. Na ɗauko tef na fara awo. Na san awonta da ka, ban taɓa buƙatar rubutawa ba. Da na zagaya tef ɗin a ƙugunta na ga inda ya tsaya, hannuna ya ƙi ci gaba. Ita ce ta rungume ni. Ita da aka yi wa rashi, ita ke bubbuga bayana.

Da muka natsu ta zauna a kan benci, ta ce ta ga ina bin ƙofar gefe. Na ce kunya ce. Ta ce kunyar me, ke kika tuƙa? Sai ta kama bakinta, ta ce ba haka take nufi ba, shi ma ba ta riƙe shi da komai ba, ta gaya wa Fada, ta gaya wa dangin mijinta. Ta ce tagwaye suna tambayar Baba Kafinta, ya yi musu alkawarin teburin karatu. Ta ce dare ba ya ba ta wuya kamar yamma, lokacin da ake jin mazan unguwa suna dawowa.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ƙawata, ni nawa ƙasa ce ta rufe shi, ba ni da hanyar zuwa. Ke naki ƙofar katako ce, ko kwaɗo babu. Me kike yi a nan?"

Na ce ina zuwa kullum. Ta ce tana nufin me nake dawowa yi.

Alhamis, da yamma

Na gaya masa ta zo. Na gaya masa maganar tagwaye. Yana goge wani katako da hannu ɗaya, ya danne shi da gwiwa. Ya tsaya. Na daɗe ban ji ya yi magana mai tsawo haka ba, kuma ba ta fi haka ba:

"Ki daina zuwa. Ki daina kawo abinci. Ita tana cin nata ita kaɗai, ni kuma a zo a zauna kusa da ni? Da wane ido?"

Na ce, ashe hukunci ka yanke wa kanka. Ya ce ko ma mene ne. Na ce to ka sani ba kai kaɗai kake zaman sa ba, ni ma ka rufe ni, kuma ni ba a tambaye ni ba. Ya juya mini baya ya ci gaba da guga. Kafaɗunsa suna rawa. Na san in na taɓa shi zai fita, sai na ɗauki kwanona na tafi.

A hanya na wuce gidanmu ban sani ba, sai da na kai wurin masu sayar da gawayi.

Juma'a, da safe

Ban kai abinci ba. Na ce bari in yi yadda ya ce, in gani.

Juma'a, da yamma

Na gani. Ba zan iya ba.

Asabar, da rana

Na je aji. Kafin mu fara na nemi yarinyar nan mai aikin jinya, na ce ina riƙe da tambayarta. Na ce mata a asibitinsu in majiyyaci ya ce a fita a bar shi, suna rage magana, suna rage haske, amma ba sa kulle ɗakin su tafi gida. Ta ce haka ne, Mama. Na ce to iyakar abin da na sani ke nan, shi ma jiya na san shi.

Na sallame su da wuri. Na dawo na naɗe katifar ɗakin Auta, na haɗa risho da tukunya ɗaya da gidan sauro. Na ba maƙwabciya makulli. Mai kura yana jira a waje.

Lahadi, da safe

A shago nake rubuta wannan, a kan ɗaya daga kujerun da ba su da baya.

Da ya ga ana sauke katifa ya fito ya tsaya. Ya ce mene ne haka. Na ce ƙaura na yi. Ya ce nan ba wurin mace ba ne, ga sauro, ga hayaniyar tasha, ga mutane za su yi magana. Na ce mutane sun riga sun ƙoshi da magana, wannan ƙari ne. Ya ce in koma gida.

"Gidan ne ya zo," na ce. "Ranar da Dogo ya tsaya a bayanka na ce cikin daɗi da cikin wuya. Yana ji na faɗa. Ba zan mai da shi shaidar ƙarya ba."

Shi ne karo na farko da na ambaci sunan a gabansa tun da abin ya faru. Na ɗauka zai fita. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Can ya sunkuya ya kama gefen katifar da hannunsa mai lafiya, ya ja ta daga inda na ajiye, ya ce nan rufin yana yoyo.

Bai kwanta a kanta ba. Yana kan ƙofarsa, ina ƙasa. Amma na ji numfashinsa.

Talata, da rana

Bayana ciwo yake, sauron tasha kuwa ba su san gidan sauro ba. Masu ɗinki sun gano inda nake, yau biyu sun biyo ni har nan, wai awo. Na auna su a tsakanin katakai, shi kuma ya ba su benci.

Ba ma magana sosai. Ina dafawa a bakin ƙofa, mu ci a kwano ɗaya. Jiya da yamma na fara jan rosari a hankali, ban gayyace shi ba. Wajen tsakiya na ji wata murya a ƙasa-ƙasa tana bina a baya.

Alhamis, da safe

Jiya bayan mun ci abinci ya gaya mini abin da ya faru a hanyar, tun daga inda suka tsaya shan ruwa har zuwa inda ya daina tunawa. Ya faɗi abin da Dogo yake cewa a lokacin. Wannan ba na takarda ba ne. Na riƙe kansa a cinyata har ya gama, zanina ya jiƙe.

Ban ce masa ba laifinka ba ne. Kowa ya gaya masa haka. Na ce masa na ji.

Asabar, da yamma

Ba mu koma gida ba tukuna, ban kuma tambaye shi yaushe ba.

Da safe ya ce in riƙe masa madubi, ya aske gemun. Ya sa riga mai tsabta, ya ce in raka shi wani wuri. Ban tambayi ina ba, na san hanyar. Muka bi ta bayan tasha, muka wuce makarantar firamare, yana tafiya a hankali kamar mai koyon tafiya. Sau biyu ya tsaya, ni ma na tsaya.

A ƙofar gidan Uwar Biyu muka ji tagwaye suna faɗa a kan wani abu a ciki. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, hannun ya tsaya a sama. Ya dube ni, ido cikin ido, rabon da ya yi haka tun asibiti.

"In na kasa magana fa?"

Na ce in ya kasa, zan fara, ya ƙarasa.

Ya ƙwanƙwasa da kansa.